Ɗago Mini ta Hagu

Kafin motar farko ta hau gadar Falomo
ni na riga na sunkuya.
Shekara ashirin da shida ke nan
ina kallon Legas ta ƙarƙashin cikin doki.

Ɗago, Zabuwa. Ɗago mini ta hagu.
Goɗiya ce hurde, daga ƙetare aka kawo ta,
yanzu ta fi Akanni jin Hausa,
yaron da ke riƙe mini gwangwanin ƙusa.

A Argungu, inda aka binne cibiyata,
kofato bushewa yake yi, ya yi faso kamar diddigen manomi,
sai ka bi shi da man kaɗanya.
Nan kuwa ruwa ne abokin gaba,
ruwa daga sama, ruwa daga ƙasa,
iskar ma a jiƙe take zuwa.
Kofato ya yi laushi kamar sabulun da ya kwana a bokiti,
ƙusa ta shiga ba gardama, ta fita ba sallama.

Na sha gaya wa yaron: hanci kafin ido.
Sa ƙugiya ka tone kwarin tsakiya,
daga diddige ka yo gaba, sannan ka sansana.
In ka ji warin kwatar Obalende,
in baƙin ruwa ya biyo bakin ƙarfe,
ruɓa ta samu masauki.
Wanke, busar, cusa auduga da kwalta,
kwashe jiƙaƙƙen garin katako daga barga
ko da sau uku ne a yini.
Nawa ne buhu a Oko Baba? Nawa ce ƙafa?

Yau babu wari.
Amma na ɗora tafin hannu na ji ɗumi,
na sa yatsa a bayan gaɓa, jijiya na bugawa
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare.
Na ɗan matsa awartaki ta gefen ciki,
ta fizge, ta waiwayo ta dube ni.
Ko haniniya ba ta yi ba. Doki ba ya kai ƙara.

Ƙarfe tara Oga ya iso, waya a kunne.
Gobe Asabar akwai wasa, akwai kofi, akwai baƙi.
"Sallau, a buga mata sabon takalmi, a yi mata allura."
Na ce ranka ya daɗe, allura toshe bakin ciwo take yi,
ba ta sallamarsa.
Minti bakwai na sukuwa da birki da juyi a ƙafa guda,
nauyinka da nata a kan abin da bai fi faifai ba.
Ya faɗi kuɗin da ya saye ta. Kowa a barga ya san kuɗin.
Na ce ai da ƙafa huɗu ka saya.

Ya juya bai tanka ba.

Na zare takalmin, ƙusa shida,
na bi farin layi da bakin wuƙa, sannu, sannu,
har na tarar da wani baƙin ɗigo bai kai ƙwayar gero ba.
Na huda. Mugunya ta ɓullo.
Zabuwa ta sauke numfashi a gadon bayana,
dogo, mai ɗumi, har ya ratsa riga.
Akanni ya ruga ɗebo ruwan zafi da gishiri.

Gobe za a yi tafi a fili,
wata goɗiyar ce za ta ɗauki Oga.
Masu tafi sanda suke kallo da ƙwallo,
ba wanda ke duban abin da ke dukan ƙasa.
Wataƙila ran Litinin a kirawo wani maƙerin,
mai ƙuruciya, mai saurin cewa to.
Nawa ƙugun dama ya fara ƙin miƙewa.

Amma da la'asar na ga ta sauke ƙafar,
ta taka, ta dakata kamar mai sauraro,
ta sake takawa,
sai ta miƙa wuya ga harawa.

Akanni, tsince ƙusoshin nan kar wani ya taka.
Saura dawaki goma sha ɗaya,
ga hadari can ya taso daga teku.